Alli a Ƙwaurin Baba

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. A aji biyar na tsaya da makaranta, kuma ni mutum ce da ko sallama zan yi sai na gwada ta a zuciya sau biyu. A gida Shiru ake kirana. Amma nas ɗin asibiti ta ba ni littafi mai shafi arba'in, ta ce in riƙa rubuta duk abin da Baba ya ji a jikinsa: zazzaɓi, gumi cikin barci, rama, kumburi a wuya ko a hammata. Baba bai ji komai ba. Abin da na rubuta a gaba bai cika shafi ɗaya ba, ni kuma ina jin zafin asarar takarda. Shi ne na juya littafin ta baya na fara daga can.

Sana'ar Baba kashe gara. Mai Gara ake ce masa, har a allon shagonmu haka aka rubuta. Muna da tankin feshi biyu, da inji mai ƙara kamar babur ɗin da salansarsa ta fashe, da tsani, da rigunan aiki da ni nake wankewa. Amma Baba yakan ce feshi ba shi ne aikin ba, ko jaki ka ɗaura wa tanki zai yi. Aikin shi ne ganewa. Gara tana cinye katako ta ciki ta bar fenti yana ƙyalli. Don haka in muka shiga gida, Baba yakan zaro sukudirebarsa mai rawaya, ya riƙe ta ta bakin, ya riƙa ƙwanƙwasa katako da mariƙinta: ƙyaure, taga, ƙafar gado, katakon rufi. Lafiyayye yana cewa ƙwas. Cinyayye yana cewa buf. Wanda ya ce buf, ni nake zana masa alama da alli. Dokar Baba kuma ɗaya ce, kowa a layinmu ya haddace ta: katakon da ya sha alli ba ya kwana a gidan. A cire shi, a ƙone.

Akwai abin da ba mu taɓa faɗa ba, ni da shi. Shekara biyu ke nan ƙarar injin ta rage masa ji. Magana in da ƙarfi yana jin ta, amma ƙwas da buf sun zama ɗaya a kunnensa. Sai ya zama in ya ƙwanƙwasa, fuskata yake kallo. In na kai hannu aljihu wajen alli, sai ya girgiza kai ya ce wa mai gida, "Ka ji? Wannan ya tafi." Mai gida ya ce lalle ya ji. Haka muke aiki, kuma bai taɓa kuskure ba.

Wani otal ne ya ba mu aiki babba, suka ce sai duk mai taɓa magani ya kawo takardar gwajin jini. Baba ya je yana mita. Bayan kwana uku aka kira shi ya sake. Daga nan aka tura shi wajen likitar jini, aka sake ɗiba, aka ce a dawo bayan mako uku. Ranar da za a faɗi sakamako ni na raka shi, don Mama ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba.

Likitar ƙarama ce, tabarau ɗinta ya fi fuskarta girma. Ta juya kujerarta ta fuskanci Baba, ta yi magana a hankali kuma da ƙarfi, kamar an gaya mata.

"Baba, kana da sankarar jini. Amma irin mai tafiyar hawainiya ce. Mutane da yawa suna shekaru da ita ba a ba su komai ba, sai dai a riƙa duba jini."

"To madalla," in ji Baba, ya fara laluben hularsa.

"Ban gama ba. Gwajin da muka ƙara ya nuna taka tana cikin waɗanda suka fi saurin tashi."

Baba kuwa ya buga ƙirjinsa ya ce jiya ma shi ya hau da tanki cike har bene na uku.

"Na yarda," in ji ta. "Haka take, ba ta nuna kanta da wuri. Yanzu akwai ƙwayoyin da aka yi don su nemi wani abu takamaimai da munanan ƙwayoyin jinin suke dogara da shi, su toshe shi. Ba kamar maganin da ba, mai dukan mai laifi da marar laifi. Muna ba waɗanda cutar ta riga ta tashi musu. Abin da ba mu tabbatar ba shi ne, mutum irinka, yana ƙalau, in ya fara tun yanzu, zai ƙara masa tsawon kwana ne, ko wahalar magani kawai zai jawo masa da wuri. Don su ma suna da nasu: jini ya ƙi tsayawa da sauri, hawan jini, wani ma bugun zuciyarsa ya rikice."

Ta ce hanya biyu ce. Ko ya riƙa zuwa duk wata uku a duba jini, a jira. Ko ya shiga wani bincike da suke yi, inda kwamfuta za ta yi ƙuri'a, ta sa shi cikin masu fara ƙwaya yanzu ko cikin masu jira. Ta ce ya je ya yi shawara da iyali, ya dawo Alhamis ta sama da ƙarfe tara. Ta ce duk wadda ya zaɓa daidai ne, abin da ba daidai ba shi ne ya ɓace.

"'Yata," in ji Baba, "a ina take zaune, ita cutar?"

"A ɓargo take farawa. Cikin ƙashi."

Fuskar Baba ta washe kamar an yi masa albishir. "Gara ke nan! Ciki a cinye, waje yana ƙyalli. Ita kuma ƙwayar taku ba feshin gida duka ba ce. Tarko ne. A ajiye musu abin da su kaɗai ke ci, su kwasa da kansu su kai wa uwarsu. Ashe sana'armu ɗaya!"

Likitar ta yi murmushi ta ce, "Kusan haka."

Wannan "kusan" a bakin ƙofar ofis ɗin Baba ya yar da shi. Kafin ma mu fita ya naɗe wandonsa, ya zaro sukudireba, ya ƙwanƙwasa ƙwaurinsa sau uku, ya dube ni. Ni ban kai hannu aljihu ba, don ban ma gane abin da yake yi ba. Ya ce, "Kin ji ko, likita? Ƙwas." Ta yi dariya ta ce ƙashi ba ya aiki haka. Dariyar ya gani, sauran bai ji ba. Na so in maimaita masa, sai bakina ya ƙi. Nas ta miƙo mini kati da littafi, muka fito.

A gida Mama ta tarbe shi da filo. Duk inda ya zauna sai ta cusa masa filo a baya, kuma ta koma yin raɗa, abin da ya sa bai ƙara jin ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Yayana, wanda ake kira Injiniya saboda yana gyaran waya, ya yini yana danne-danne ya zo da hukunci.

"A fara ƙwayar nan gobe. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe."

"Mutum yana cin kwano biyu a ɗura masa magani?" in ji Mama, ta manta da raɗa. "Garin gyaran gira a rasa ido?"

"Mama, ke ba ki karanta ba."

"Kai da ka karanta, wayata tana wajenka wata huɗu."

Na ce musu likita ta ce ba mu ne ma za mu zaɓi ƙwayar ba, kwamfuta ce, in ya shiga binciken. Ba wanda ya ji ni.

Kashegari Gwaggo ta iso, yayar Baba, da jaka biyu da kukanta a shirye. Tun daga bakin layi ta fara. "Ɗan autana! Wayyo ɗan autan uwata!" Ta shigo ta tarar da ɗan autan, mai shekara sittin da ɗaya, a kan tsani yana gyaran eriya. Ta tsaya da hawaye a fuska tana kallonsa.

"Kai, sauko ka kwanta. Ka san motar da na hau?"

"Yaya, lafiyata lau."

"Ba ka da kunya. An ce kana da sankara, kana kan tsani kamar biri. Me zan gaya wa mutanen da na bari suna jiran labari?"

Ta kwana biyu, ta ga ba ya rama, ta tafi da fushi, ta ce in abu ya zama na gaske a kira ta.

Baba ne ya raba gardamar. Ya tara mu ya ce ba ƙwaya, ba ƙuri'a, ba kuma zuwa duk wata uku a riƙa tsotse masa jini. Shekara talatin da biyar yana gane abin da ke cin ciki, ba sai yanzu wata kwamfuta za ta koya masa ba. Shi zai duba kansa. Ranar da aka ji buf, ranar zai koma asibiti.

Daga ranar, kullum bayan shayin safe, Baba yakan miƙe a kan bencin shago, ya ba ni sukudireba. In fara daga ƙoƙon kai, ƙashin wuya, haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa, ƙwauri, idon sawu. Shi kuma ya rufe ido ɗaya kamar yana saurare, ɗayan yana kan fuskata. In na gama ya ce, "Rubuta." In rubuta a littafin nas: Ƙwas ko'ina.

Kwana uku da farawa, maƙwabta suka gane. Tela ya zo da gwiwarsa mai ciwo, Baba ya ƙwanƙwasa ya ce katakon lafiya, ƙusa ce ta yi sako-sako. Mai faci ya kawo bayansa. Mai aski ya ce shi dai kallo ya zo, amma bai tafi ba sai da aka duba shi. Har Injiniya ya sunkuyo da kansa don raha, Baba ya ba shi ɗaya mai kyau ya ce, "Shiru, kawo alli, wannan an daɗe da cinye shi." Layi duka ya ɗauki dariya. Ni ma na yi. Amma katin asibitin yana cikin aljihuna tare da allin, duk sanda na sa hannu sai na taɓa shi.

Mai aski ne ya ce masa, "Mai Gara, kai fa kullum kana zagin masu gida da suke cewa ba mu ga komai ba, su kore ka. Wanzami dai ba ya son jarfa."

"Su ba su da kunne," in ji Baba. "Ni ina da shi."

Ranar Litinin wayar shago ta yi ƙara. Ni ce mai ɗaukar waya a shagon, aikin da na fi tsana a duniya. Nas ce. Ta ce tana tuna mana Alhamis ƙarfe tara. Na ce to. Baba ya tambayi ko wane ne, na gaya masa, ya ce in kira ta in ce a ba wani wurin. Na ce to. Na riƙe wayar har ta yi ɗumi a hannuna. Kunyar nas ta hana ni kira, kunyar Baba ta hana ni ce masa ban kira ba. Haka Alhamis ta ci gaba da zama a wurinta, ba don jarumtata ba.

Ranar Talata na yini ina tunani ina wankin rigunan aiki. Likita ta ce abin da ba daidai ba shi ne ya ɓace, kuma ga shi yana ɓacewa a gabana, da hannuna, kullum da safe. Fuskata yake kallo. In na ce ƙwas, ba zai je ba. In na ce buf, da bakinsa ya ce zai je. Na ga ai abin ma da sauƙi, kuma ba sai na yi magana ba. Wannan ne ya fi burge ni a cikin dabarar.

Laraba da safe ya miƙe a benci. Na bi kai, na bi haƙarƙari, na sauko. Da na zo ƙwaurin hagu na ƙwanƙwasa, na dakata, na sake ƙwanƙwasawa. Na kai hannu aljihu.

Idon Baba ɗaya ya buɗe, ya zama biyu. Ya bi hannuna da kallo har na zana alamar a kan fatarsa, fara tas. Ya karɓi sukudirebar ya buga wurin da kansa. Ya buga na dama. Ya sake buga na hagu.

"Lalle," ya ce. "Na ji."

Tela yana bakin ƙofa da gwiwarsa, ya gani, ya juya ya tafi kai labari. Kafin minti goma Mama ta fito ba takalmi. Injiniya ya rufe shagonsa ya zo yana cewa ai ya faɗa. Wani ya kira Gwaggo. Ni kuwa na tsaya ina jiran Baba ya ce a goge masa rigar zuwa asibiti.

Sai ya ce, a hankali, yana kallon ƙafar, "Katakon da ya sha alli ba ya kwana a gidan."

Wallahi ban kawo wannan a raina ba ko sau ɗaya. Ni da na zana wa ɗaruruwan katakai alama, na tsaya na ga an ɓamɓare su.

"Yanke ta za su yi," in ji Baba. "Ni ma da ni ne su haka zan yi. In ba a cire ba ta kama na kusa da ita."

"Baba, ba haka—" in ji Injiniya.

"Rufe mini baki, cinyayye! Ƙafar da na hau tsani da ita shekara talatin da biyar? Ba mai kai ta asibiti. In suna so su zo su same ni da ita."

Ya diro daga benci ya yi tsalle uku a kan ƙafar hagu don kowa ya shaida tana aiki. Sannan ya shige ɗakin ajiyar tankuna da ke bayan shago, ya danna sakata.

Da azahar Gwaggo ta iso, wannan karon fuskarta cike da gamsuwa. Ta zauna a ƙofar ɗakin ajiya ta buɗe kukan da ta koma gida da shi wancan makon.

"Ɗan autana, buɗe in ga ƙafar kafin a raba ku!"

"Yaya, tafi gida!"

"Ai mijin maƙwabciyata ma ƙafa ɗaya gare shi, kuma har rawa yake yi!"

Mama tana turo filo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ƙi shiga. Mai faci ya ce ya san wani mai ƙera ƙafar roba. Tela ya ce shi dai a kawo wandunan, zai naɗe ɓangare ɗaya kyauta. Mai aski ya ce a ɓalle ƙofar, Baba ya amsa daga ciki cewa duk wanda ya taɓa ta zai sha feshi. Ina tsaye jikin tsani da allin a hannuna. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa ko taku biyu bai kai ba.

Na matsa kusa da ƙofa. Na gwada maganar a zuciya sau biyu, kamar yadda na saba, sannan na faɗa. Na ce Baba, ƙarya na yi, ban ji komai ba, ƙafarka lafiya. Na ce don ka je asibiti na yi. Na faɗi duka, har ƙarshe. Ban taɓa jera magana mai tsawon haka ba.

Can Baba ya ce, "Wane ne a nan? Shiru, ke ce? Magana kike yi?"

Ko Gwaggo da ke zaune a gefen ƙafata ba ta ji ba.

Ban san daga inda muryar ta fito ba. Na dafa ƙofar da hannu biyu na kwarara.

"Baba! Ƙarya na yi! Ba buf ba ƙwas! Ƙashi ba katako ba ne, likita ta gaya maka, ba ka ji ba ne! Ni ba na jin abin da ke cikin ɓargonka, ba mai ji, sai an ɗebi jini an duba! Kwana goma ina buga ka a banza! Kai ma ba ka ji, ko katakon ma ba ka ji, shekara biyu fuskata kake kallo! Ba mai yanke maka ƙafa! Kuma ban kira nas ba! Gobe ƙarfe tara tana nan!"

Kukan Gwaggo ya tsaya a tsakiya. Mai faci ya cire hularsa ya mayar. Wata mata da ke wucewa da yaro a hannu ta tsaya a tsakiyar titi. Ni kuma da na ji abin da na faɗa a gaban mutane, musamman na kunnen, na so ƙasa ta tsage.

Sannan sakata ta yi ƙara.

Baba ya fito da wando naɗe, alamar tana nan a ƙwaurinsa. Bai dubi kowa ba sai ni.

"Ashe kina da murya."

Na sunkuyar da kai.

"A gaban mutane, Shiru?"

"Haba Mai Gara," in ji mai aski, "wane ne bai sani ba? In kana kan kujerata sai na kashe rediyo na tsaya a gabanka kake amsa gaisuwa."

"Ni ma na sani," in ji tela.

"Kai da ka sani me ya kawo gwiwarka?"

"Ai fuskar yarinyar nake kallo ni ma."

Ba wanda ya yi dariya sai Injiniya, shi ma Mama ta make shi da filo. Baba ya koma kan benci ya zauna. Ya ce kowa ya tafi aikinsa. Suka ja baya kamar taku huɗu, suka tsaya.

"Kawo ruwa ki wanke abin da kika zana."

Na kawo ruwa a roba da tsumma. Na durƙusa ina gogewa. Allin ya fita tun a shafa ta farko, amma na ci gaba da gogewa don ban san inda zan kai idona ba. Ya sunkuyo ya yi mini magana a asirce, irin asirin Baba da ake ji har shagon mai faci.

"Gidan mutum nawa na shiga na ce masa abu yana cinka ta ciki? Sun fi dubu. In faɗa, in ɗauki tsanina in tafi. Ban taɓa tsayawa na ga yadda suke yi da maganar ba bayan na fita." Ya shafa gwiwarsa. "Ba daɗi, Shiru. Gara ma a ce maka kana ciwo. Amma a ce kana lafiya, ka zauna ka jira?"

Na ce, da ƙarfi yadda zai ji, "Ko ka shiga binciken."

"Kwamfuta ta jefa mini ƙuri'a kamar ragon gasa."

"Ko ka ƙi shiga. Ta ce duka daidai ne. Zuwan ne dole."

Ya kalli ruwan da ya yi fari-fari a robar.

"In na sha ƙwayar nan zan iya hawa tsani? Ta ce jini ba ya tsayawa. Ni kullum sai ƙusa ta karce ni."

"Ban sani ba, Baba."

"In an fara, har abada ake sha, ko ana tsayawa? In kwamfutar ta sa ni cikin masu jira, kuma abin ya tashi, za su ba ni ko sun manta da ni? Maganin da nake fesawa fa, yana faɗa da nasu?"

"Ban sani ba."

"To rubuta. Ke za ki tambaye ta. Da wannan muryar, ba waccan ba."

Na ɗauko littafin na rubuta tambayoyi huɗu. Injiniya ya leƙo ya ce duk yana da amsarsu a waya, Baba ya ce ya fara kawo wayar uwarsa. Gwaggo ta ce ita dai ba za ta sake komawa gida hannu banza ba, da ita za a je.

Da gari ya waye na riga kowa shiri. Na fita babban titi na tsayar da tasi da kaina, na shigo da shi har ƙofar shago. Baba ya fito da farar rigarsa ya shiga gaba. Ni da Mama da Gwaggo da jakunkunanta muka matsu a baya. Gwaggo ba ta jure mota, kafin mu kai asibiti ta yi laushi, tana nishi tana kiran uwarta. Baba ne ya fito da ita, ya rataya jakarta ɗaya a kafaɗa, ya riƙe ta. Wani ma'aikaci ya hango su ya rugo da keken marasa lafiya, Gwaggo ta zube a ciki ba gardama, Baba ya karɓi turawa.

Tara saura kwata na isa tagar karɓar kati. Akwai mutum uku a bayana. Na miƙa katin, matar da ke ciki ta duba, ta leƙo ta kan kafaɗata ta hango Gwaggo a keke, ta ce in matso da mai jikin kusa, a fara auna ta.

Na ce mata ba ita ba ce. Na nuna mata Baba, na ce ga shi can, mai tura keken.